Mai Juyar Kaset na Wunti da Muryoyin Dattawan da Muka Tashi Karramawa

A farkon daminar bana, wata 'yar ƙungiyar raya al'adu da nake cikinta a nan Bauchi ta yanke shawarar karrama dattawa uku tun suna da rai, maimakon a jira sai ƙasa ta rufe idonsu sannan a hau yabo. Na farko tsoho ne mai busa algaita, ta biyu gyatuma ce da ta yi shekara fiye da talatin tana jan kiɗan ƙwarya a gidajen biki da suna, na uku kuwa malamin firamare ne mai ritaya wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa yara badujala domin faretin makarantu. Da yake ni malamin Hausa ne a sakandare, sai aka ɗora mini nauyin tattaro muryoyinsu da rubuta taƙaitaccen tarihin kowane ɗaya, wanda za a karanta kafin a miƙa masa lambarsa. Iyalansu suka haɗo mini kaset 31 a cikin kwalin taliya, ni kuma na ƙara da guda 12 da marigayi mahaifina ya bari, mafi yawansu waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya ne da ya riƙa ɗauka daga rediyo. Duk gidanmu da na maƙwabta kuwa babu rakoda mai motsi ko ɗaya. Haka na shiga cigiya, har wani mai gyaran rediyo ya kwatanta mini wani shago a ɗaya daga cikin layukan da ke kewaye da kasuwar Wunti, inda ake juye tsofaffin kaset zuwa memori. Mako biyar na yi ina kai da kawowa tsakanin gidana da wannan shago, kuma abin da na gani shi ne zan zayyana, saboda na san akwai gidaje da yawa a Bauchi da ke ajiye da irin wannan kwali a ƙarƙashin gado.

Shagon ƙarami ne, in mutum uku sun shiga na huɗu sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. A gaba akwai teburin wani saurayi, yaron shagon, wanda ke cajin waya da tura waƙoƙin zamani da finafinai, kuma kowa ya zauna na awa guda zai gane cewa wannan teburin ne ke ciyar da shagon. A can ƙurya ne maigidan yake zama, wani Alhaji mai furfura da ya fara sayar da kaset tun lokacin da kowace motar haya ke da rakoda. Bayansa kanta ce har rufi cike da kaset da ya ƙi zubarwa sa'ad da kasuwarsu ta mutu, gabansa kuma rakoda biyu manya, da tsohuwar kwamfuta, da lasifika biyu, da batirin sola da ke riƙe masa aiki idan wuta ta ɗauke. Babu allon suna a ƙofa, babu rasit, babu kujerar baƙo sai wani benci da aka tokare ƙafarsa da bulo.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne yadda ya karɓi kwalin. Bai jefa kaset a rakoda ya danna ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ɗaga su wajen hasken ƙofa yana duba zaren, yana sa biro a ramin yana juyawa a hankali domin ya ji ko zaren ya manne da juna. Guda bakwai ya ware gefe, ya ce waɗannan sun sha danshi, farin da nake gani a jikinsu funfuna ce, in aka kunna su haka za su ɓata kan rakoda su kuma ɓata kansu. Akwai wani da zarensa ya tsinke, sai na ga ya kwance ƙusoshin gidan kaset ɗin guda biyar, ya jera su a murfin kwalba don kada su ɓace, ya kamo bakin zaren biyu da ɗan hantsaki, ya datse su a karkace da reza, ya haɗa su ta baya da wata siririyar salatif, sannan ya mayar da zaren cikin wani gidan kaset mai lafiya. Wani kuma ɗan soson da ke tallafe zare a daidai inda yake gogar kan rakoda ne ya faɗi, ya ciro na wani mataccen kaset ya liƙa masa. Bayan kowane kaset biyu sai ya tsoma auduga a sifirit ya goge kan rakodar da robar da ke jan zare, audugar ta fito ja kamar an shafa ƙasa. Na tambaye shi ko ba zai yiwu a hanzarta ba, ya ce, "Malam, kaset ba ya son gaggawa. Mai minti 90 sai ya ci minti 90 ɗinsa, gefe ɗaya 45, ɗaya gefen 45, ni kuma ina zaune ina ji." Gaskiya ya faɗa, domin juye kaset da kyau ba shi da gajeriyar hanya, dole ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe kwamfuta na ɗauka.

Naira 1,500 ya caje ni a kan kowane kaset mai lafiya, ya ƙara 500 a kan wanda ya buƙaci gyara. Idan aka auna da awa ɗaya da rabi na zama da saurare, ban ga tsada a ciki ba, har ma ina ganin ya rage wa kansa. Alkawarin lokaci ne dai bai cika ba: ya ce mako biyu, aka yi biyar, kuma zan zo ga dalilin.

Inda gwanintarsa ta fito fili shi ne a kan kaset ɗin mahaifina. Zaren kaset yana tafiya ne a kan saurin santimita 4.76 a daƙiƙa, to idan rakodar da aka yi ɗauka da ita batirinta ya yi sanyi, sai ta riƙa jan zaren a hankali, ranar da aka kunna shi a rakoda mai lafiya kuma sai waƙar ta yi gudu, murya ta sirance kamar ta yaro. Mahaifina da batir yake ɗauka, saboda haka rabin kaset ɗinsa haka suke. Da Alhaji ya sa na Musa Ɗanƙwairo, bai yi minti ɗaya yana ji ba ya girgiza kai ya ce wannan ba muryar Musa ba ce, an ƙara mata wuta. Ya ɗauko ƙaramin sukundireba ya zura ta bayan injin rakodar, yana murɗawa kaɗan-kaɗan, idonsa a rufe, har kotso ya dawo da nauyinsa, muryar ta zauna inda kunnensa ya san ta. Babu na'urar da ta nuna masa inda zai tsaya. Shekarun da ya yi yana kunna waɗannan waƙoƙi daga safe zuwa dare don jawo masu saye su ne ma'auninsa, kuma wannan shi ne abin da mutum ke biya a shagon, ba kwamfutar ba.

Ɗanƙwairo ya cancanci irin wannan kulawa, domin waƙarsa ba ta mutum ɗaya ba ce. An haife shi a Bakura ta jihar Zamfara ta yanzu, ya tashi a gidan kiɗa, ya koya a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda tun yana ƙaramin yaro, ya yi zaman amshi a ƙarƙashin yayansa Kurna a Maradun kafin ya ja tasa ƙungiyar, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello da sarakunan Arewa waƙa, ya rasu a 1991 yana da shekara fiye da tamanin. Wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa shi yakan ɗauko baiti ne kawai, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa, wani lokaci su rabu biyu suna miƙa wa juna, sannan su haɗu a kan gindin waƙar. Wannan tsari makaranta ce sukutum, domin a cikin amshin ne yaro ke koyon inda ake shiga da inda ake numfashi da yadda ake ɗaura yabo a kan nasaba, kamar yadda shi kansa ya koya. Idan aka juye waƙarsa aka bar muryar jagora a fili amma amshi ya dushe, to an tsirar da rabin aikin ne kawai.

Abin da ya faru da ni ke nan a mako na biyu. Alhaji ya tafi ta'aziyya Azare ya yi kwana huɗu, yaron shagon kuma, da niyyar ya burge ni, ya ɗauki tara daga cikin waɗanda aka riga aka juye ya bi da su ta wata manhaja mai kashe shuuu ɗin kaset, ya murɗa ta har ƙarshe, ya kuma goge fayil ɗin da aka fara juyewa don ya sami wuri a kwamfuta. Shuuu ɗin ya tafi, amma ya tafi da wasu abubuwa. 'Yan amshi suka koma kamar masu waƙa a cikin randa, tafi ya ɓace, amon kotso ya zama wani ɗif-ɗif marar kai. Wanda ya fi jin jiki shi ne Ɗan Maraya. Ɗan Maraya, wato Adamu Wayya, wanda aka haifa a Bukur kusa da Jos a 1946, ya rasa iyayensa yana ƙarami har Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi, bai taɓa dogara da taron makaɗa ba: shi kaɗai ne da kuntiginsa, wato ɗan gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya aka ɗaura masa tsarkiya guda. Da wannan ɗan abu ya yi wa yaran mota da masu ƙananan sana'o'i da ma'aurata waƙa, ya zaga ƙasashe, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar yabo, har ya rasu ranar 20 ga Yuni 2015. Amon kuntigi siriri ne mai kaifi, yana zaune kusa da inda shuuu ɗin kaset yake, saboda haka manhajar ta ɗauke shi a matsayin datti ta share. Sai ga Ɗan Maraya yana waƙa kamar wanda aka ƙwace wa kayan aiki.

Da Alhaji ya dawo ya ji, bai nemi kare yaron ba, bai kuma yi mini gardama ba. Ya juya ya ce masa, "Kai, wa ya ce ka wanke musu murya?" Yaron ya ce, "Maigida, ai na ga kwastomomi sun fi son mai tsabta." Ya sake juye guda taran daga farko bai karɓi ko kwabo ba, amma mako guda ya riga ya tafi. Na yaba da wannan hali, sai dai kuskuren ya nuna cewa ingancin aikin shagon a kunnen mutum ɗaya yake, ranar da ba ya nan kuwa sai abin da hali ya yi.

Bayan juye kaset, shagon yana sayar da nasa tarin tsofaffin waƙoƙi da Alhaji ya juye daga kantarsa, kuma na sayi na Shata da na makaɗan fada don amfanin aji. Ta fuskar yawa babu abin cewa. Na sami waƙoƙin da rabona da jin su tun ina firamare, wasu har da muryar mai gabatarwa na gidan rediyon Kaduna a farkonsu. Amma a nan ne babban raunin shagon yake, kuma shi ne ya fi damuna fiye da jinkiri. Fayil ɗari da wani abu na Shata, sunayensu "Dokta 1", "Dokta 2", "Dokta tsohuwa", "Dokta biki", haka har ƙasa. Babu shekara, babu gari, babu sunan wanda aka yi wa waƙar in ba wanda ya fito a baiti ba, balle sunayen masu kalangu da 'yan amshi. A cikin jakar Ɗanƙwairo na tsinci waƙoƙi huɗu na Narambaɗa, don kawai dukansu kotso suke kaɗawa, alhali Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali ne ta ƙasar Isa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, kuma ya riga Ɗanƙwairo rasuwa da kusan shekara talatin. Alhaji ya san bambancin sarai, da na kunna masa ya kira sunan kafin a gama baitin farko. Yaron ne ke sa sunaye, shi kuwa duk abin da ya tsufa ɗaya ne a wurinsa. Ɗalibin da ya sayi wannan memori zai tafi da kuskuren, ya rubuta shi a jarrabawa, wata rana ya koyar da shi.

Wannan "Dokta" da yaron ke rubutawa ba tare da ya san asalinsa ba yana da tarihi. Mamman Shata, haifaffen Musawa a 1923, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ya yi ta ba, saboda a lokacin ana ganin roƙo bai dace da ɗan gidan da ba na maroƙa ba. Ya fara ne daga dandali da kasuwa, ya zauna Bakori da Funtuwa, ya yi fiye da shekara hamsin yana ƙirƙirar waƙa nan take a gaban jama'a, kalangai na bin sa. A 1975 Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a kan Shata, bayan shekara 13 kuma, a 1988, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, ga kuma lambar MON ta ƙasa. Ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 a Kano, aka binne shi a Daura. Abin lura a nan shi ne kafin a rataya masa rigar digiri sai da wani ya zauna ya rubuta: wace waƙa, yaushe, ga wa, da su wa. Haka Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gida-gida yana rubuta tarihinsu da na iyayen gidansu, shi ya sa yau malamin Hausa ke da abin riƙewa idan ya shiga aji. Karramawa a kan irin wannan rubutu take tsayawa, kuma shi ne ainihin abin da shagon ba ya yi.

Na ji zafin wannan rashi sosai da na zo kan malamin badujala. Kaset ɗinsa shida ne, duk na atisaye da fareti, na 1 ga Oktoba da na ranar yara ta 27 ga Mayu, ana jin begila da ƙananan ganguna da sarewa, ana jin muryarsa yana ƙirga ɗaya biyu yana tsawata wa wanda ya riga sauran shiga. A wani wuri ma ana jin sa yana rera do re mi yara na bi, kamar yadda aka koya masa a kwalejin horon malamai. Alhaji ya fito da sautin tas, har kukan shaho da ke shawagi a saman filin ana ji. Amma fayil ɗin da aka ba ni sunansa "Fareti", shi ke nan, duk da cewa a jikin kaset biyu akwai shekara da sunan makaranta da malamin ya rubuta da jan biro. Da ban riƙe kwalin ba da wannan bayani ya tafi. Mawaƙi ko ba a rubuta sunansa ba muryarsa za ta tona shi, amma malamin kiɗa ba shi da wannan gata, domin aikinsa a hannun wasu yake fitowa. Wasu daga cikin yaran da ke busa a waɗannan kaset sun shiga badujalar 'yan sanda da ta soja, kuma ba wanda zai ji su yau ya tuna da wanda ya fara gyara musu riƙon begila.

A kudancin ƙasar nan malamin kiɗa yana da inda ake ajiye sunansa. Jami'ar Najeriya ta Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da aka kafa a Legas a 1983 tana da makarantarta da zaurenta a Onikan, mutane irin su Fela Sowande, wanda ya rayu daga 1905 zuwa 1987 ya kuma yi aikin tattara kiɗan gargajiya a gidan rediyon ƙasa kafin ya koma koyarwa a Amurka, da Farfesa Laz Ekwueme na Jami'ar Legas, an san su a matsayin malamai, an kuma san ɗalibansu. Mu a nan kiɗa ya shige cikin darasin al'adu da fasaha na firamare da ƙaramar sakandare tare da zane da wasan kwaikwayo, waƙar baka kuma malamin Hausa ke taɓa ta a matsayin adabi, sau da yawa ba tare da yara sun ji sautinta ba. Ainihin makarantar kiɗanmu ita ce bin maigida, ita kuwa ba ta da rajista.

Ranar da na kai wa tsohon mai algaita nasa ne na fahimci girman abin. Na same shi a zaure bayan la'asar, na kunna masa a waya na kara ta kusa da kunnensa. Kaset ne da jikansa ya rubuta sunan tsohon a jiki, shagon ya kwafi sunan yadda ya gan shi, ni kuma har na tsara cewa shi za a sa a wurin taro. Algaita ta ɗauko wani dogon take ba yankewa, irin busar da ake cika kumatu da iska ana shaƙar wata ta hanci a lokaci guda. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, dakata. Mayar da shi baya." Na mayar. Ya ce, "Wannan ba ni ba ne. Wannan numfashin maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Ni ne wancan na baya mai riƙe masa, ka ji ni can, ina jin tsoron in wuce shi." Na ce, "Baba, shekara nawa kuka yi tare?" Ya ce tun bai kai ya yi azumi ba aka kai shi, ya yi shekara uku yana ɗaukar jaka da jiƙa bakin algaita kafin a bar shi ya busa a gaban mutane, kuma da karan dawa da ƙwaryar ruwa aka koya masa riƙe numfashi, yana hura kumfa ba ta yankewa. Ya sa na maimaita masa wurin har sau huɗu, bai ƙara cewa komai ba. Da na koma gida na yage tarihin da na rubuta na sake sabo, na fara da sunan maigidan nasa. Wannan kuskure ba na shagon ba ne, daga gida ya taso, amma da a ce akwai al'adar tambaya a wurin karɓar aiki, da an gano shi tun da wuri.

Kaset ɗin gyatumar su ne mafi lalacewa, domin a tsakar gida aka ɗauke su cikin guɗa da kukan yara, kuma biyar daga cikin bakwai ɗin da suka yi funfuna nata ne. Ya ceto uku. A tarinsa na sayarwa ma kason mata bai taka kara ya karya ba: 'yan waƙoƙin Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da kaɗan na Uwaliya Mai Amada, sai kuma wata jaka da aka rubuta wa "Mata" kawai.

Akwai wata magana da na tayar masa wadda ba ta yi masa daɗi ba, ita ce ta haƙƙin masu waƙa. Juye wa mutum kaset ɗin gidansu abu ne daban, sayar da waƙoƙin Shata da Ɗan Maraya a memori kuma abu ne daban, domin dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, kuma waɗannan mutane sun bar iyali. Ya ce shi bai san ƙofar da zai bi ya biya ba, kuma da bai adana su ba da yanzu suna bola. Maganarsa ta biyu gaskiya ce, amma ba ta share ta farko ba, ni ma da na saya ban fita daga ciki ba.

Wanda zai kai aiki wannan shago, ina ba shi shawara ya je da memorinsa da ya saya a wurin da ya amince da shi, domin wanda na saya a teburin gaba an rubuta masa gig 32 amma bai kai ko rabi ba ya fara cinye fayil, sai da aka sake tura mini. Ya nemi a ba shi sauti iri biyu, wato MP3 na saurare a waya, wanda minti guda ke cin kamar megabait ɗaya, da WAV na ajiya, wanda ke cin kusan goma amma ba ya zubar da komai, kuma ya faɗa da babbar murya cewa kada a wanke. Ya tabbata Alhaji ne da kansa zai zauna a kan aikin, ko da hakan zai ja lokaci. Kada ya bar kaset ɗin asali a can bayan an gama, kada kuma ya zubar da su. Sannan tun kafin ya fita daga gida ya zaunar da dattijon da ya san abin da ke ciki, ya ba kowane kaset lamba, ya rubuta mai waƙa da masu kiɗa da shekara da wurin da aka yi, ya tsaya a kan yaron har sai ya sa wannan bayani a sunan fayil. Ga mai neman a ceto masa murya daga zaren da ya kusa mutuwa, ban san wani wuri a Bauchi da ya kai wannan ba. Mai neman tarin waƙoƙi da zai dogara da sunayensu don koyarwa ko nazari kuwa, sai ya shirya yin rabin aikin da kansa.

An yi taron karramawar a ƙarshen wata, an sa muryoyin dattawan uku a lasifika kafin a kira kowannensu, kuma sautin bai ba mu kunya ba. Bayan kwana biyu na sayi babban littafi mai bango mai kauri, na ja masa layuka: lambar kaset, mai waƙa ko busa, masu rakiya, shekara, wuri, da layi na ƙarshe na wanda ya koya masa. Na kai wa Alhaji, ya jujjuya shi ya ce, "Malam, ka ƙara mini aiki," ya miƙa wa yaron. Da na leƙa makon jiya na tarar an cika shafi shida da rubutun yaron, layin ƙarshe duk fayau in ban da wuri biyu. Kaset biyu na gyatumar da suka gagara suna nan a saman kanta cikin leda, ya ce in bar su sai hunturu ya shigo danshi ya sake su, sannan ya sake gwadawa.